Mesa Mai Fito a Cikin Rigata

Shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa sun cinye mini sunayen ɗalibai masu yawa, har da na wasu koguna da na sha zanawa a allo. Amma akwai rana guda da na tabbata ko ƙwaƙwalwata ta gama yoyo ita ba za ta zube ba: ranar da na ratsa kasuwar Rano cikin ruwan sama, da mesa mara lafiya a ƙunshe cikin rigata tana fito a kan cikina.

Mesar ba tawa ba ce. Ni ko tantabara ban taɓa sha'awar kiwo ba. Ta Yayana ce, wanda ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya ya koma Kibiya da zama. Ya tsince ta tana ƙarama a wata gona da aka cinna wa wuta, da tabon ƙuna a gadon bayanta, ya yi jinyarta, daga nan ta zauna. Ba irin ƙatuwar nan ba ce da ake cewa tana haɗiye akuya. Tsawonta bai wuce hannun babban mutum da ɗan ɗori ba, ba ta da dafi, kuma idan ta tsorata ba ta sara, sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Shi ya sa ya raɗa mata suna Gammo. Bayan rasuwar matarsa, 'ya'ya kuma duk sun watse birane, Gammo ce ta rage masa a gida. Yakan zauna kusa da akwatinta ya ba ta labarin duniya, ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa katse shi ba.

Shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar damina Allah Ya kira shi sauke farali. A duk Kibiya aka rasa mai karɓar wannan ajiya, sai ya ɗauro akwatin a bayan babur ya kawo mini gidana a Saji. Da kansa ya zagaya gidan yana dafa bango, har ya zaɓi ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin, inda ɗumin murhu ke ratsowa.

"Nan za ta zauna," in ji shi. "Ta ci ɓera, ba ta buƙatar komai har na dawo sai ruwan sha da ɗumi. In an yi sanyi ka naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma ka ajiye mata a gefe guda. Sannan ka riƙa saurarenta."

"Me za ta ce mini?"

"Ba komai. Abin da ake so ke nan. In ta yi huci, fushi ne, ƙyale ta. Amma lafiyayyar mesa ba a jin numfashinta, Malam. Ranar da ka ji, to akwai magana."

A gidan nan akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta raine mu ni da Yaya. Ta tsufa, amma muryarta ba ta san da haka ba. Ranar farko cewa ta yi ko ita ko macijiya a gidan. Bayan kwana biyu sai na gan ta a bakin ɗakin ajiya tana leƙe. Kafin mako ya zagayo ta fara kiranta "baƙuwar Alhaji", kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san in abu ya zama baƙo a wurinta, ya shiga uku da karamci.

Ana cikin haka aka tura ni Kano aikin duba takardun jarrabawa. Lokacin marka ce, ruwa ba ya ɗaukewa, shanya ba ta bushewa, gishiri yana narkewa a kwano. Da na dawo, ban ko ajiye jaka ba na leƙa ɗakin ajiya. Babu akwati.

"Gwaggo, ina Gammo?"

"Na raba ta da azaba," ta ce, tana tsince shinkafa. "Ku 'yan boko ba ku da tausayi. Ka ɗauki halittar Allah ka jingina ta da murhu kamar za a gasa? Tana can gindin randa tana shan iska."

"Gindin randa?"

"To ina? Ni tun ina yarinya duk macijin da na gani a gida a gindin randa na gan shi. Can suke so. Har yayyafi nake mata safe da yamma."

Na daɗe ina tunanin wannan hujja tata, kuma har yau ban ga wanda zai kayar da ita a zauren muhawara ba. Kowa a ƙasar nan ya san inda ake samun maciji ke nan. Abin da ba mu tsaya tambaya ba shi ne me ya kai shi: a zafin bazara yake zuwa, neman ruwa da kwaɗi da maɓoya, kuma in ya ji sanyi ya isa sai ya fita ya sha rana. Gammo kuwa tana cikin akwati, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, cikin marka, ba hanyar fita.

Na durƙusa na ɗaga murfin. Ba ta dunƙule ba kamar yadda ta saba. Ta miƙe wuyanta ta jingina kai da bangon akwatin, hanci sama, baki a ɗan buɗe. Sai na ji shi. Wani siririn fito, kamar iska na fita ta hudar allura, daga ƙarshensa kuma wani ɗan ƙas, ƙas, irin ƙarar kumfar sabulu in tana fashewa. Ta yi shiru. Can ya sake dawowa.

Na mayar da ita jikin kicin, na canja mata shimfiɗa busasshiya, na sa kwalbar ruwan ɗumi. Na kuma yi abin da masu karatu suka ƙware a kai, wato nemo wa kaina dalilin kwantar da hankali. Na tuna Yaya ya taɓa cewa in za ta yi saɓa, tsohuwar fata kan toshe mata hanci ta riƙa ɗan fito na kwana biyu. Na ce saɓa ce. Amma mai shirin saɓa idonta kan yi fari-fari kamar an shafa madara, na Gammo kuwa baƙi ne wuluk. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba.

Washegari da hantsi na dawo daga gaida wani maƙwabci, tun daga zaure na jiyo ƙauri. Na ruga. Gwaggo ta lulluɓe akwatin da bargo, ga kasko cike da garwashi a hannunta, ta zuba ganyaye da ƙwayoyin turare, tana shirin turawa ƙarƙashi.

"Gwaggo! Tsaya!"

"Mura ce ta kama ta. Da wannan hayaƙin na raine ku, ga ku nan garau."

Na fizge bargon na ture kaskon waje. Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta tsaya tana kallona. Kafin ɗayanmu ya yi magana wayata ta yi ƙara. Yaya ne daga Makka.

Muka gaisa, na yi masa ya ibada, na tambayi zafin ƙasar, na tambayi abokan tafiya, na kusa tambayar lafiyar raƙuma. Mutum ne mai hawan jini, ga hawan Arfa a gabansa. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya ce, "Sa mini wayar a bakin akwatin."

Na sa. A daidai lokacin Gammo ta ja numfashi, fiton ya fito dogo, kumfa ta tsatso a gefen bakinta. Na mayar da wayar kunnena, ban ji komai ba sai hayaniyar alhazai daga nesa.

"Yaya?"

"Ya kai huhu," ya ce, da wata murya da rabona da ji tun ranar jana'izar matarsa. "Ba ta iya tari, Malam. Mu in majina ta taru sai mu yi tari mu fitar. Ita ba ta da wannan. A ciki zai shaƙe ta. Ka kai ta asibitin dabbobi na Rano yau, ba gobe ba. Kada ka ɗauki akwatin, iska za ta buge ta a hanya. Sa ta a rigar filo ka ɗaure bakin, ka sa ta a jikinka, a kan fatarka. Don Allah kada in dawo in tarar da akwati ba kowa."

Haka na tsinci kaina, malamin makaranta mai furfura, ina ɗaura mesa a ciki da rawanin mahaifina, na zura taguwa, na ɗora babbar riga. Sanyinta kamar an manna mini tulun ƙasa. Ina fitowa na tarar da Gwaggo ta yafa mayafi ta ɗauki lema.

"Ina za ki?"

"Ni na kai ta gindin randa," ta ce. Ta wuce gaba, na bi ta.

Muka sami a-daidaita-sahu a bakin titi. Ba mu yi nisa ba direban ya fara karkata kai yana saurare. Ya tsaya ya sauka ya zagaya yana matsa tayoyi, ya dawo.

"Wallahi ina jin iska na fita wani wuri." Ya sake saurarawa, ya waiwayo ya dube ni. "Af, Baba, kai ne? Asma gare ka?"

"Ja mu je," in ji Gwaggo. "Asibiti za mu."

"Allah Ya sawwaƙe. Ka daina shan ruwan sanyi, Baba."

Ranar kasuwa ce. A bakin kasuwar ruwa ya shafe hanya, direba ya ce ko za a ba shi kujerar Makka ba zai jefa injinsa ciki ba. Asibitin yana can ɗaya gefen. Babu yadda muka iya sai mu ratsa da ƙafa. Muna tsakiya ruwa ya ƙaru kamar da bakin ƙwarya, dole muka faɗa wata rumfar masu hatsi inda jama'a suka cunkushe kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne ɗumin jikina zai yi aikinsa. Gammo, wadda tun safe take kamar igiya, ta ji ɗumi ta fara motsi. Na ji ta tana warwarewa a hankali, tana tura kai wajen ƙirjina. Na rungume hannuwana. Wata Bafulatana mai tallar nono da ke tsugune a gabana ta ɗaga kai, idonta ya tsaya a cikina.

"Baffa, me ke motsi a rigarka?"

"Ba komai."

"Aradu akwai komai. Ga shi nan yana tafiya!"

Aka fara juyowa. Wani ya ce kaza ya sato. Wani daga baya, wanda bai ma hango ni ba, ya ce jariri ne. Wannan kalma ita ta ɗaga hankalina, domin na san abin da take jawowa a kasuwa. Kafin in haɗiye yawu an buɗe fili an sa ni a tsakiya. Wani ƙaƙƙarfan mai ɗaukar buhu ya tare hanyar fita, wani matashi ya zaro sandar da ke tokare da tamfol.

"Malam, ɗaga rigar mu gani."

Na ɗaga. Suka ga rawani da ƙullin rigar filo yana numfashi.

"Kwance."

"Ba zan iya kwancewa a nan ba," na ce. "Ku yi haƙuri ku saurare ni. Mesa ce, amma..."

Ban kai ga amma ɗin ba. Mata suka yi ihu, aka tuntsurar da kwanon awo, gero ya watse. "Matsafi ne!" "Kuɗi zai yi da ita!" "A jefo ta ƙasa a kashe!" Na shiga bayani irin na aji, cewa macizai iri-iri ne, wannan ba ta da dafi, mai ita ma'aikacin gandun daji ne. Na sha yi wa aji mai hayaniya magana, amma ban taɓa yi wa aji mai sanda ba. Matashin nan ya matso har ina jin hucinsa, ya ɗaga sandar yana auna ƙullin. Na duƙa na rufe ta da hannuwa biyu. Abin da ke raina a lokacin, in faɗi gaskiya, ba haƙarƙarina ba ne. Akwatin nan nake gani a buɗe, Yaya na tsaye a kansa da jakar tsaraba.

Sai na ji ƙarar lema a kan sanda. Gwaggo ce ta shiga tsakani.

"Kai, ɗan wa ne kai? Sauke! Na ce sauke, ko in sauke maka!" Ta juya ga jama'a. "Mara lafiya muka ɗauko. Mai ita yana gaban Ka'aba yanzu haka, amana ya bar mana, ni kuma na yi mata ganganci. Matsafi ne zai tafi tsafi da gwaggonsa da lema? Ku yi mini shiru!"

"Hajiya, maciji ne fa..."

"Na ce shiru! Ku kasa kunne ku ji da kanku."

Ban san ko tsufanta ne ko mamaki ba, amma rumfar ta yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan tamfol. Na daina numfashi don kada nawa ya rufe nata. Muka jira. Gammo, wadda ta yini tana fito ba a tambaye ta ba, ta zaɓi wannan lokaci ta yi gum. Na ga yatsun matashin suna sake damƙe sandar.

Sannan ya fito. Siriri, dogo, da wahala, ƙas ƙas a ƙarshe. Ya sake fitowa.

Bafulatanar nan ce ta fara magana, a hankali. "Wayyo. Haka ƙirjin ɗana ya yi bara, da nimoniya ta kama shi. Haka sak."

Wani dattijo mai awo ya ce, "Ikon Allah. Ashe su ma suna yi."

Mai ɗaukar buhu ya kauce daga hanya. Matashin ya dubi sandarsa kamar bai san yadda aka yi ta zo hannunsa ba, ya mayar da ita gindin tamfol. Wani ma ya ce, "Ku bi ta layin masu tukwane, ya fi tudu." Muka fita, Gwaggo na riƙe mini lema.

Likitan da muka tarar ya gaya mana gaskiya: aikinsa shanu ne da awaki, bai taɓa duba mesa ba. Amma bai kore mu ba. Ya kira wani abokin karatunsa da ya san irin waɗannan dabbobi, suka yi ta magana, sannan ya sa na riƙe ta ya buɗe bakinta da ɗan tsinke mai laushi. Majina ce jingim har maƙogwaro. Ya share abin da zai sharu, ya auna nauyinta, ya yi mata allura, ya ce mu riƙa dawo da ita ana ƙarawa har magani ya ƙare, ko da mun ga ta warware.

"Ɗumi da shimfiɗa mai tsabta," in ji shi. "Ban da turare, ban da hayaƙi, ban da man zafi. Da kun turara ta, da ba ku iso nan da ita ba."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. "Za ta tashi, Likita?"

"Hajiya, ban sani ba. An ɗan makara. Ku dai ku riƙa saurare."

Saurare kuwa mun yi shi. Gwaggo ta ɗauke tabarmarta ta koma bakin ɗakin ajiya, a nan take lazimi, a nan take cin abinci. Ita ke dafa ruwan kwalba, tana gwada zafinsa a bayan hannu kamar mai shirin wankan jariri. Ni kuma na zama sananne a hanyar Rano. Har mai a-daidaita-sahun nan, da ya gano ko wace ce mai asmar, ya ce in ƙara masa kuɗin fasinja na uku. Fiton kuwa yau ya ragu, gobe ya dawo. Yaya bai sake cewa a sa masa waya a akwati ba. Na gane tsoro yake ji.

Wata safiya bayan Sallah, ina alwala, Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, ba na jin komai."

Muka je muka durƙusa, muka manna kunne da katako. Shiru. Na tuna maganar Yaya cewa lafiyayyar mesa ba a jin numfashinta, na kuma tuna cewa matacciya ma haka. Murfin nan ba shi da nauyi, amma na daɗe hannuna na kansa.

"Buɗe mana," in ji Gwaggo, "ko sai na mutu tukuna?"

Na buɗe. Tana dunƙule tsaf, kai a tsakiya, kamar ranar da aka kawo ta. Ba motsi. Na kai yatsa na taɓa tabon ƙunar nan. Sai kai ya leƙo, baki a rufe ruf, harshe ya fito ya karkaɗa ya koma. Sannan ta cika ciki ta yi mini wani huci mai ƙarfi, tsabtatacce, na tsantsar rashin mutunci.

Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala tana share ido da gefen mayafi. "Ji 'yar banza," ta ce. "Duk wahalar da muka sha."

Ranar da Yaya ya dawo, bai tsaya karɓar barka da sauka ba. Ya wuce ɗakin ajiya da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya kasa kunne, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba ta ce komai ba."

Abin da na koya ban same shi a littafi ba, duk da na karanta da dama. Gwaggo ba mugunta ta yi ba. Da ƙauna ta kai Gammo gindin randa, da ƙauna ta ɗebo garwashi, kuma sau biyun saura ƙiris ƙaunar ta yi kisa, don ta ba baƙuwa abin da ya dace da mu, ba abin da ya dace da ita ba. Abin da ya cece ta, a waya da kasuwa da bakin akwati, abu ɗaya ne: wani ya yi shiru ya kasa kunne. Tun daga ranar, duk wanda aka ba ni amanarsa, ɗalibi ne ko tsoho ko dabba, kafin in yanke abin da yake buƙata sai na rufe bakina na saurari yadda yake numfashi.